Bahon Janar

Asabar, da hantsi

Saje ya wanke motar koyon tuƙi, ya goge gilasai, ya dawo ya zauna a kujerarsa ta bakin taga. Ɗalibarsa ta zo darasi, na fita na ce mata maigidan ba ya jin daɗi. Ta ce zazzaɓi ne? Na ce zazzaɓi ne.

Tun ranar Alhamis da aka dawo mini da shi daga wurin ɗaukar fim bai ce uffan a kan abin da ya faru ba. Ni ma ban tambaye shi ba. Ba sai na tambaya ba. Ni ce editar fim ɗin, duk abin da kyamara ta gani, ranar Litinin zai iso teburina.

Auta ya kira, ya sake kira. Ƙanina ne, ciki ɗaya, shi ne kuma daraktan. Na kife wayar a kan firji.

Sharaɗi ɗaya tak na gindaya masa ranar da ya zo roƙon aron mijina. Na ce, "Mutumin nan ya yi yaƙin gaske. Ya tuƙa motar soja a inda mutane ke fita ba su dawo ba. Har yau in iska ta bugo ƙofa sai ya ajiye cokali. Ban da ƙara, Auta." Ya dafe ƙirji ya ce, "Haba Yaya, fim ɗin dariya ne fa. Ko balan-balan ba za a fasa ba."

Ko balan-balan.

Lahadi, da yamma

Ya wanke mota. Bai fita ba.

Litinin, da rana tsaka

Ina ofis. Na rufe ƙofa, na gyara kwalin da ke tare hasken taga, na kunna fankar nan mai tari. Na kalli ɗaukar ranar Alhamis.

Labarin fim ɗin ba laifi, in zan faɗi gaskiya. Wani Janar ne da ba ya iya tunanin yaƙi sai yana kwance cikin ruwan ɗumi. Sai aka ɗora bahon wankansa na ƙarfe a babbar mota, aka lulluɓe da tamfol, aka ce wani direba da wasu sakarkarun sojoji su kai masa bakin daga. Duk inda suka bi, abokan gaba da nasu mutanen kowa ya ɗauka sabon makami ne, sai gudu. Saje ne direban.

Yadda Auta ke aiki kuwa, duk wanda ya taɓa shiga hannunsa ya sani. Ba ya ba kowa rubutaccen labari. Zagayawa yake yi ya raɗa wa wannan abu ɗaya a kunne, ya raɗa wa wancan kishiyarsa, ya koma gefe ya ga yadda za su ƙare. Kowa da ɗan makirufo a wuyan riga, kowa na magana lokaci guda kamar a tasha. Ba ya cewa a fara, ba ya cewa a tsaya. Ba ya son 'yan wasa, ya fi son mahauta da masu faci da tsofaffin sojoji. 'Yan jarida suna kiransa gwani. Ni ce mai zama watanni ina tsince fim daga cikin wannan hayaniya. Sunansa na fitowa da manyan baƙaƙe, nawa na wucewa lokacin da mutane suka juya baya suna neman ƙofar fita.

Ga abin da na gani. Taya ta yi faci, sun sauke bahon a ƙasa. Saje na tsugune da jak yana yi wa wani faɗa a kan sifana. Sai wani abu ya fashe a bayan motar, ƙura ta tashi. Sauran suka zabura, suka dubi juna, suka gane wasan Auta ne. Saje bai zabura ba. Bahon nan da ƙarti biyu ke nishi kafin su ɗaga, shi kaɗai ya fizgo shi ya kife a kansa.

Sai baho ya fara tafiya. Ƙafafunsa huɗu na ƙarfe a sama, takalman soja na leƙowa ta baya, yana jan ciki a fili. Ya ci karo da taya, ya tsaya, ya yi baya, ya karkata, ya ci gaba. Ma'aikata suna ta sheƙa dariya har kyamara na rawa. Ana jin muryar ƙanina: "Kar ka tsaya. Bi shi. Bi shi!"

Abin da ya fi ci mini rai shi ne abin dariya ne. Na san aikina. Tun da na fara yanka finafinai ban taɓa samun fitowa irin wannan ba. Bakina ya motsa kafin in kama shi.

Talata, da safe

Na buɗe sautin kowane makirufo daban, kamar yadda na saba. Na zo kan na Saje.

A cikin baho murya tana amsawa kamar daga rijiya. Magana yake yi. Ba da ma'aikata ba, ba da Auta ba. Da Makanike yake, abokin tafiyarsa na motar soja, wanda hotonsa ke rataye a falonmu. Matarsa na zuwa gaishe mu, mun je bikin 'yarsa. Abin da aka gaya mata, abin da Saje da bakinsa ya gaya mata, shi ne nan take ya rasu, bai ma san abin da ya same shi ba.

Ba nan take ba ne. Iyakar abin da zan rubuta ke nan.

Na cire abin kunne, na shiga banɗaki na buɗe famfo na tsaya ina kallon ruwa. Shekaru nawa nake kwana kusa da mutumin nan, sai ta wayar da ƙanina ya maƙala masa a wuya na ji.

Laraba, bayan an tashi aiki

Auta ya shigo ba sallama, da ledar lemo a hannu, wai a kai wa Yaya Saje.

"Yaya, kin saurara?"

"Na saurara."

Idonsa na ƙyalli. Wallahi ƙyalli yake. Ya ce, "To wannan shi ne fim ɗin. Mutane na dariya, na dariya, sai muryar ta shigo a hankali, dariyar ta maƙale musu a maƙoshi. Abin da manyan finafinan da suka yi ke nan. Ki ba su dariya da hannun dama, ki mare su da na hagu."

Ni zai koya wa finafinan da. Kaset-kaset ɗin Baba na fari da baƙi, ni nake sa su a bidiyo, shi yana barci a cinyata da yatsa a baki. Na kalle su har na haddace inda layi ke ratsa hoton. Na karanta abin da aka rubuta a kansu, na karanta abin da waɗanda suka yi su suka rubuta da suka tsufa.

Na ce, "Zauna in tuna maka. A finafinan nan wa ke zamewa ya faɗi? Janar, da lambobinsa. Wa wando ke suɓuce wa? Babban hafsa, a gaban fareti. Wa ake mayarwa sakarai? Mai zama a ofis yana tura 'ya'yan mutane su mutu a kan tudun da ko akuya ba ta so. Ƙaramin soja na cikin rami, shi ne mai kallon kyamara ya kashe mana ido. Tare da shi muke dariya. Ba a taɓa ɗora mu a kansa ba."

"Ai su ma daraktocin da sun gasa wa 'yan wasa aya a hannu."

"Sun sa su maimaita har su gaji. Amma ɗan wasa ya san inda abin zai fashe, ya san lokacin. Kwaikwayon tsoro yake yi, in an gama ya wanke fuska ya tafi gida ya ci abinci. Wannan ita ce sana'a. Kai ba ka sa an yi wasa ba, sata ka yi."

Ya ɓata rai. "Da na gaya masa, da bai fito haka ba."

"Da ka gaya masa, da bai zo ba."

Ya ce gaskiya ba ta neman izini. Na ce ya ɗauki lemonsa. Ya bar shi a kan tebur, na ba mai shara.

Juma'a, da yamma

Ya wanke mota. Ya ci rabin abincinsa. Ya tambaye ni, "Malama, aiki na tafiya?" Haka yake kirana saboda littattafai. Na ce yana tafiya. Ya ce madalla. Muka zauna muna kallon labarai da murya a kashe.

Lahadi, da hantsi

Mama ta aiko in zo. Na san Auta ya riga ni.

Na same ta tana tsefe zaren wata tsohuwar rigar sanyi. Ba ta ɗago ba ta ce, "An ce kin kori ƙaninki."

"Lemonsa na kora."

"Ke dai bakinki. Yaron nan tun yana ƙarami haka yake, in ya sa abu a gaba ba ya ganin gefe. Ba mugunta ba ce."

"Mama, yaron nan furfura gare shi."

"A wurina yaro ne. Ke ce babba, ke za ki yi haƙuri."

Tun da aka haife shi nake jin wannan karatu. Ya fasa, babba ta share. Na ce, "Ya binne abin fashewa a bayan mutumin da ya yi yaƙi, Mama. Ya tsaya yana ɗaukarsa yana jan ciki."

Ta ajiye zaren. Har na ɗauka ta gane. Sai ta ce, "To ba sai ya ba shi haƙuri ba? Ai surukina mai sanyin hali ne."

Mai sanyin hali. Saboda haka kowa ke aronsa kamar tsani.

Ban gaya mata zancen muryar ba. Mama in ta riƙe magana, kafin la'asar maƙwabta sun taya ta riƙo.

Talata, da rana

Kofur ya zo gida. Tare suka yi soja da Saje, shi ma yana cikin fim ɗin, shi ne mai gadin tamfol. Mutum ne mai faɗin murya, in ya yi dariya kofuna na motsi a kan tire.

"Uwargida, ina jarumin namu? Kunkurun ƙarfe! Wallahi Saje, da haka ka yi a wancan lokacin da tuni an ba ka lambar girma."

Saje ya yi murmushi. Hannunsa na kan gwiwa, yatsun na danna ta.

Kofur bai ji abin da aka faɗa cikin baho ba, babu wanda ya ji a wurin. Ya zo ne da albishir. Za a fara nuna fim ɗin a silima ƙarshen wata, kuma ƙungiyarsu ta tsofaffin sojoji ta karɓi layukan gaba. Za su zo da iyalansu, da iyalan waɗanda suka rasu. "Har matar Makanike na gaya wa. Ta ce ko da rarrafe za ta zo ta ga Saje a majigi."

Na ɗauki tire na shiga kicin. Na wanke kofunan da ba a sha komai a ciki ba.

Laraba, da sassafe

Na cire fitowar bahon gaba ɗaya. Taya ta yi faci, sai ga su sun ci gaba da tafiya. Na ɗinke wurin yadda ko ni sai na duba da kyau nake ganin tabon. Fim ya rage daɗi, na sani. Ko a jikina.

Alhamis, da yamma

Ya gani. Ya tsaya a bayana yana kallo, ya ce in mayar baya, na mayar. Ya ce, "Ina bahona?"

"Yana kan mota, inda ya kamata."

"Fim ɗina ne, Yaya."

"Mijina ne."

"Ina da kwafin komai a gida. In ba za ki haɗa ba, editoci sun cika gari."

Na ce ya je ya samo. Ya samo wanda zai zauna ya raba masa muryoyin mutum goma da ke magana a kan juna, ya nemo masa labari a inda bai rubuta ba. Na ce, "Abin da ake kira salonka, Auta, ni ce. Kai hargitsi kake kawowa a buhu."

Wannan ta shige shi. Na ga wuyansa ya kumbura kamar lokacin da yake yaro in an ƙwace masa ƙwallo. Ya ce, "Ke ba kare shi kike yi ba. Kunya kike ji a ga mijinki a ƙasa."

Na jefe shi da abin goge allo. Ban same shi ba. Hannuna ya tsufa.

Asabar

Mota. Taga. Rabin abinci.

Litinin, da hantsi

Na yi kuskuren amsa waya a kicin. Auta ne, wai ya yi magana da wani yaro mai haɗa waƙoƙin biki, zai karɓi aikin. Na ɗaga murya. Na faɗi baho, na faɗi makirufo, na faɗi matar Makanike. Da na juyo, Saje na tsaye a bakin ƙofa da bokitin wankin mota.

Ya ce, "Na yi magana ne a ciki?"

Na ce e.

"An ɗauka?"

Na ce e, amma kada ya damu, na cire duka, babu wanda zai gani, kuma in Auta ya kuskura zan...

Ya ɗaga hannu. Bai taɓa katse ni ba sai yau. Ya ce, "Malama, shi bai tambaye ni ba kafin ya ɗauka. Ke ma ba ki tambaye ni ba kafin ki yanke. Ku 'yan gidan nan, in kuna faɗa a kan mutum, ba ku ganin yana tsaye?"

Na ajiye wayar a kan firji.

Ya ajiye bokiti. "Gobe ki kai ni ofishinki. Ki ce wa ƙaninki ya zo."

Talata, da yamma

Ni na tuƙa. Ya zauna a gefe, ƙafarsa na taka birkin da babu.

Auta ya riga mu isa, ya sa riga mai maɓalli, abin da bai saba ba. Ya fara, "Yaya Saje, ni fa..." Saje ya ce, "Bari in gani tukuna."

Na sa masa hoton ba sauti. Ya kalli bahon na tafiya, ya ci karo da taya, ya yi baya. Ya ce in sake. Na sake. Sai ya ce, "Kai. Ko sigina bai bayar ba." Ya yi wata 'yar dariya ta hanci. Auta ya saki numfashi.

"Yanzu sautin."

Na miƙa masa abin kunne. Na juya ina kallon kwalin taga. Na san tsawonsa, na san inda zai kai lokacin da kujera ta yi ƙara. Da ya gama ya cire, ya naɗe wayar a hankali, ya ajiye.

Ya ce, "Bahon ya zauna. Na sha wuya a kansa, ba za a zubar ba. In mutane sun yi dariya, sun yi wa tsohon direba, ba komai. Na ga manyan da suka fi ni sun shige ƙarƙashin abin da bai kai baho ba."

Na ce, "Saje."

"Malama, kin yi naki." Ya juya ga Auta. "Maganar kuwa ba ta fita daga ɗakin nan."

Auta ya matso gaban kujera. "Yaya Saje, ka saurare ni. Muryar nan ita ce zuciyar fim ɗin. Mutane ba su san abin da kuka gani ba. In suka ji..."

"Ba tawa ba ce da zan ba ka. Rabinta na wanda ya mutu ne. Matarsa kuma tana barci a kan abin da na gaya mata. Kai za ka tashe ta? A silima, da gyaɗa a hannunta?"

Auta ya sunkuyar da kai. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, to ai baho ba zai yi tafiya shiru ba, dole a ji wani abu daga ciki.

Saje ya ce, "Sai in yi maka wasa. Ba ka taɓa neman in yi ba."

Muka shiga ɗan ɗakin ɗaukar murya mai katifa a bango. Ya ce a kawo bokitin ƙarfe na mai shara, ya kife a kansa, wai shi ya san yadda sautin yake a ciki. Daga ƙarƙashin bokiti ya ce, "Darakta, ka ce a fara. In na gama ka ce a tsaya. Da bakinka."

Auta ya ce a fara. Kamar an matse shi.

Hoton na tafiya a allo, ina ba shi alama da ƙwanƙwasa bokiti, sai Saje ya shiga koya wa baho tuƙi. "Sannu a hankali, Hajiya, saki kuloci. A'a, wannan birki ne. Duba madubi. Babu madubi? To duba zuciyarki. Taya! Taya, Hajiya! Wa ya ce ki yi ribas? To shi ke nan, mu je a haka, Allah ya kai mu."

Mai ɗaukar sauti ya kwanta a kan na'ura. Auta ya cije hannun riga. Ni ban yi dariya ba, mijina nake kallo.

Da ya cire bokitin gumi ya jiƙa shi sharkaf. Ya ce, "Yanzu goge wancan sautin." Auta ya goge na ofis a gabanmu, da yatsansa. Na gida kuma ya ce da ya koma zai goge.

Alhamis, da rana

Na mayar da bahon, na ɗora sabuwar muryar. Na yanka shi daidai, kowace dariya da wurin shan iskarta. In za a yi wa mijina dariya, gara a yi ta a hannun wadda ta iya.

Auta ya karɓi fim ɗin, shi zai kai wurin daidaita sauti, shi zai kai silima. Haka ake yi kullum. Na tambaye shi na gida fa? Ya ce, "Na goge, Yaya." Yana faɗa yana duba agogo.

Mutumin da ya ce ko balan-balan.

Asabar, da safe

Na kira wurin daidaita sauti. Suka ce darakta ya zauna da su shi kaɗai, ya yi 'yan gyare-gyare. Na ce a ina? Suka ce in tambaye shi. Na kira shi, waya a kashe.

Litinin

A kashe.

Laraba, da yamma

Na je gidansa, matarsa ta ce tun safe ya fita. Na je silima, mai majigi ya ce an hana shi nuna wa kowa kafin ranar, ko da uwar darakta ce. Na ce ni yayarsa ce, na fi uwarsa haɗari. Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake.

Na ce wa Saje mu kira matar Makanike mu ce an ɗaga ranar. Ya ce, "Ƙarya ɗaya na yi mata, ita nake ɗauke da ita har yau. Ba zan ƙara ba." Ya goge takalmansa. Ya sa na fito masa da babbar rigarsa.

Asabar, bayan mun dawo

Nunin rana aka yi. Silima ta cika. Tsofaffin sojoji a gaba, wasu da sanduna, Kofur na ta nuna wa mutane kujerun da suka riga suka zauna a kai. Matar Makanike na layin da ke gabanmu, da jikarta. Ta juyo ta ce, "Saje, yau za mu ga abin da ka ɓoye mana." Ya ce, "Za ki gani, Hajiya."

Auta na tsaye can baya kusa da ƙofa. Na dube shi, ya kau da kai.

Fim na tafiya, ana dariya, ni ban ji ko ɗaya ba. Na san kowane yanka, ina ganinsu suna matsowa. Ga hanya. Ga taya. Ga jak. Na auna tsakanina da wayar majigi, na cire takalmi ɗaya ban san na cire ba. Saje ya kama wuyan hannuna, ya rufe ido.

Abin ya fashe. Layin gaba gaba ɗaya ya motsa, kafaɗun tsofaffi suka shige wuya. Baho ya kife. Ya fara tafiya. Sai shiru daga cikinsa, shirun da ban sa ba, ya yi tsawo har na miƙe rabi.

"Sannu a hankali, Hajiya, saki kuloci."

Silima ta ɗauka da dariya. Gyaran da ya yi ke nan: ya jinkirta muryar, ya bar mutane su ji tsoro tukuna. Ya fi nawa kyau, ɗan banza. Kofur na dukan kujera. Matar Makanike ta kife a kan jikarta, tana share ido da gefen mayafi.

A bakin ƙofa ta riƙe Saje da gaisuwa. Ta ce, "Da yana nan, da shi za a fi ji a silimar nan. Ka san shi da dariya."

Saje ya ce, "Na san shi, Hajiya."

"Allah dai ya yi masa sauƙi, bai sha wuya ba."

"Bai sha ba," in ji Saje. Muryarsa ko rawa ba ta yi ba.

Auta ya biyo mu har mota. Ya ce, "Yaya, kin gani? Ban sa ba." Yana jiran a shafa masa kai. Na zaro makullin ofis daga jaka na sa masa a aljihun riga. Na ce, "Na gani. Fim na gaba ka nemi mai haɗa waƙoƙin biki."

A hanya Saje ya ce in tsaya. Ya fita ya dafa bangon wani shago, ya amayar da duk abin da ke cikinsa. Na ba shi ruwa ya kurkure baki. Ya dawo ya zauna, ya ja bel, ya daɗe yana kallon titi.

Ya ce, "Malama, idona a rufe yake. Ta yi dariya?"

Na ce har da hawaye.

Ya ce, "To mu je gida."